Jagorar Sayen Babbar Kyamara Ta Hannu Da Yin Aiki Da Ita

A 'yan shekarun nan kyamarorin da masu hoto ke kira midiyam fomat sun fara faɗowa hannun irinmu. A da sai manyan situdiyon Turai da Amurka da masu tallar kaya ke iya saye. Da masu su suka koma kan sababbi, tsofaffin suka kwararo kasuwar kayan hannu, har matashin da ke ɗaukar hoton biki tsakanin Kazaure da Roni ya fara lissafin mallakar tasa. Ina murna da hakan, domin hoton da take fitarwa ba shi da na biyu. Abin da ke damuna shi ne kuskure iri ɗaya ake ta maimaitawa. Yaro zai sayar da babur, ya haɗa da adashi, ya zuba kuɗin kaf a gangar jikin kyamara. Sai ta iso ya tarar ba gilashin da ya dace da ita, cajar ba tata ba ce, kwamfutarsa kuma ba ta iya buɗe hoton. Bayan wata biyu ya sake ta da asara. Mai doki ya san ba sayen dokin ne wuya ba, harawa da dusa da sirdi su ne aikin. Haka wannan kyamara take.

Me ya bambanta ta da sauran?

Bambancin yana cikin sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto. Manyan kyamarorin Canon da Nikon da Sony da muka saba da su sensarsu milimita 36 ce da 24. Ta midiyam fomat da za ka samu a kasuwar hannu kimanin milimita 44 ce da 33, filinta ya ninka na waccan sau 1.7. Wannan faɗin shi ke sa a ga zaren aikin hula ɗaya bayan ɗaya, a kuma ga fatar mutum tana sauka daga haske zuwa inuwa a hankali ba tare da tsalle ba.

Waɗanda aka fi cin karo da su su ne Pentax 645D ta 2010 mai megafiksel 40, da Pentax 645Z ta 2014, da Hasselblad X1D ta 2016, da Fujifilm GFX 50S ta 2017, da GFX 50R ta 2018, da GFX 50S II ta 2021. Biyar ɗin ƙarshe duk suna wajen megafiksel 50. Da aka fito da GFX 50S kimanin dala 6,500 ake sayar da ita ba gilashi, 645Z kuma kimanin dala 8,500. Ka riƙe wannan a ranka: jikin ya karye a farashi, amma gilasanta da kayan gyaranta har yau na masu wancan kuɗin ne.

Abin da za ka tanada kafin ka tashi

Kuɗin jiki da na gilashi aƙalla ɗaya, da ragowar da za ta sayi batir biyu. Katin memori naka na kanka, mai sauri, gigabayit 64 ko sama. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai Lightroom ko wata manhajar da ke buɗe hoton RAW. Tocila, ko ta waya ta wadatar. Farar takarda da shafin jarida. 'Yar robar hura iska. Sai abokin sana'a wanda ya girme ka a aikin, wanda ba zai ji kunyar ce wa mai kaya "Alhaji, a yi haƙuri, wannan ba ta yi ba."

1. Fara tambayar kanka wa zai biya

Wannan matakin ake tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne. Hoton 645Z ko GFX 50S ɗigo 8256 ne da 6192. Idan aka wanke shi da cikakken inganci zai kai kusan santimita 70 da 52, kuma ana iya faɗaɗa shi fiye da haka ba tare da ya fashe ba. Amfaninta ke nan. Hoton naɗin sarauta da za a rataye a zaure, hoton ango da amarya na bangon falo, hoton taron yaye ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu inda mutum ɗari za su tsaya kowa yana son ganin fuskarsa, allon ɗan takara a bakin titin Kano zuwa Daura, ko hoton kayan ɗinki da na fata da za a tallata: waɗannan su ne aikinta.

Idan kuwa aikinka fasfo ne da hotunan da za su ƙare a WhatsApp da Instagram, ajiye kuɗinka. WhatsApp yana matse hoto har ba mai iya bambanta na wannan kyamara da na waya mai kyau. Haka idan bidiyo ne abincinka. Waɗannan tsofaffin ba don bidiyo aka yi su ba, 645D ma ba ta ɗauka sam.

Kada kuma ka sayar da kyamarar da kake cin abinci da ita don ka sayi wannan. Ta biyu ce, ba ta maye gurbin ta farko.

2. Zaɓi iri bisa yanayin garinku

Ra'ayina a fili yake. Ga mai aiki a wannan yanki, zaɓi tsakanin Fujifilm GFX da Pentax 645Z yake.

Pentax 645Z ƙaƙƙarfa ce, an toshe ta da kyau daga ƙura da ruwa, batirinta na jurewa, kuma tana karɓar tsofaffin gilasan Pentax 645 na zamanin fim, waɗanda aka fara yi tun 1984, masu sauƙin kuɗi. Aibinta nauyi: jikin kaɗai ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. GFX 50R ta kusa rabin haka. GFX 50S II ita ce ta fi dacewa da ƙauye idan aljihu zai ɗauka, saboda abu biyu: tana da abin da ke rage girgizar hannu a cikin jikinta, kuma ana cajinta da wayar USB daga fawa-banki. GFX 50S ta farko ba ta da ko ɗaya. Sai ka cire batirin NP-T125 ka sa a cajarsa ta musamman. Wanda ya taɓa kwana a wani ƙauyen Gwiwa ranar ɗaurin aure babu wuta ya san darajar wannan.

Ka guji 645D da tsofaffin Hasselblad da Phase One masu sensar CCD, ko da an ba ka su a arha. Launinsu da rana yana da kyau, ban musa ba. Amma 645D ba ta wuce ISO 1600, kuma tun kafin nan hoton ya fara yashi, alhali rabin aikinmu a ɗakin amarya ne da rumfar dare. Wasu tsofaffin kuma da wayar FireWire ake haɗa su da kwamfuta, wadda ba za ka samu raminta a kwamfutar yau ba.

3. Gilashi kafin jiki

Kafin ka yi cinikin jiki, ka san gilashin da za ka ɗaura da farashinsa. Gilashin Canon ko Nikon da ke jakarka ba zai hau kai tsaye ba. Akwai zoben haɗi da ke ba gilashin Canon damar hawa GFX, amma da yawansu ba sa cika faɗin sensar, sai kusurwoyi huɗu su yi duhu. Idan ka yanke duhun ka koma wajen megafiksel 30, ka ga ka biya kuɗin abin da ba ka amfana da shi ba.

Lambar gilashi ma tana canza ma'ana a nan. Ka ninka ta da 0.79 ka samu kwatankwacin wadda ka saba. GF 63mm tana gani kamar 50mm, GF 45mm kamar 36mm, GF 110mm kamar 87mm. A Pentax, 55mm tana kusa da 43mm. Ga mai farawa da gilashi ɗaya, 63mm ko 45mm a Fujifilm, 55mm ko 75mm a Pentax, sun isa hoton mutum ɗaya da na iyali.

4. Inda za ka saya da yadda za ka biya

Da wuya ka tarar da irin wannan kyamara a jere a shago, ko a Kano ma. Masu kayan lantarki na Titin Beirut da Sabon Gari da Farm Centre galibi sai dai su yi maka oda, ko su haɗa ka da mai ita a Abuja ko Legas, ko a taho da ita daga Dubai, Ingila ko Japan. Ke nan za a nemi ka tura kuɗi kan abin da ba ka gani ba, kuma a nan ake yin kuka.

Ƙa'idata ita ce ba na biyan cikakken kuɗi sai kaya na hannuna. Idan dole ne, a ba da kafin alƙalami ta hannun mai shagon da ke da mazauni, wanda za ka iya komawa wurinsa gobe, a rubuta cewa in an samu aibi kuɗi zai dawo. Dillali a yanke la'adarsa tun farko. Kazaure zuwa Kano ba wata tafiya ba ce. Hau mota ka je da kanka da safe, domin gwajin yana son hasken rana da natsuwa. Mai kayan da ya ce yana sauri, ba zai ba ka awa ɗaya ba, bar masa kayansa.

5. Gwajin jiki

Fara da ido. Dubi kan sukurorin ƙasa da na bakin da gilashi ke hawa. Idan sun kwarzane, an taɓa buɗe ta, tambayi dalili. Dubi kusurwoyi ko akwai alamar faɗuwa. Buɗe ɗakin batir ka haska: kore ko farin gari a kan ƙarfen alamar ruwa ya shiga ne. Ramin memori biyu gare ta, gwada kowanne da katinka. Danna kowane maɓalli, juya kowane gargare. Idan GFX 50S ce, tabbatar madubin leƙawarta yana nan, domin cire shi ake yi, kuma akan sayar da jikin babu shi, sai daga baya ka ji kuɗinsa.

Sai ƙyaure, wato labulen da ke buɗewa ya rufe duk sanda ka danna. Yana da iyakar rai. Kamfanin da ya ƙera 645Z ya gwada nata zuwa dannawa 100,000, Fujifilm kuma ya ce na GFX 50S zai kai 150,000. Adadin da aka riga aka danna yana ɓoye cikin bayanan hoto. Ɗauki sabon hoto, ka buɗe shi da manhajar ExifTool a kwamfutarka ka duba. Kada ka karɓi lambar da aka faɗa maka da baki. Wadda ta ci rabin ranta ba laifi ba ce in farashi ya sauka daidai da haka. Wadda ta kusa iyaka kuwa bari, domin canjin ƙyauren wannan kyamara ba aikin mai gyaran waya ba ne, kuma yawanci sai an fitar da ita waje, ka yi watanni ba ka gan ta ba.

6. Gwajin sensa

Nan ne kuɗin yake, don haka a nan za ka daɗe.

Na farko, tsuke ƙofar gilashi zuwa f/22, ka saita ISO 100, ka ɗauki farar takarda ko sararin sama ba tare da ka daidaita fokas ba. Buɗe hoton a kwamfuta, ba a allon kyamara ba, ka faɗaɗa shi ɗari bisa ɗari ka bi shi lungu-lungu. Tsukakkiyar ƙofa ce ke fito da duk dattin da ke kan sensa. A buɗaɗɗiya ba ya bayyana, shi ya sa mai kaya zai so ya nuna maka hoto a f/2.8. Ɗigo-ɗigo masu laushin gefe ƙura ce, hura iska ka sake ɗauka, in sun matsa ko sun ɓace ba komai. Layi siriri da bai motsa ba kwarzane ne daga hannun wanda ya goge ta da tsumma. Wannan ba ya gyaruwa da arha.

Na biyu, rufe gilashi da murfinsa, ka ɗauki hoton duhu na daƙiƙa 10 ko fiye, sau ɗaya a ISO 100, sau ɗaya a ISO 1600. 'Yan ɗigo ja ko shuɗi nan da can abu ne da aka saba, manhaja na share su. Amma idan ka ga layi ya ratsa hoton daga sama har ƙasa, ko rabin hoton ya fi rabi haske, mayar masa da kayansa ka yi sallama.

7. Gwajin gilashi

Cire shi, buɗe ƙofarsa, haska tocila ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana komai. Abin tsoro fumfuna ce, mai kama da zare-zare a cikin gilashin, da kuma hazo mai sa hoto ya yi fari-fari. Kayan da suka zauna a wuri mai laima, irin Legas ko Japan, su suka fi kamuwa. Kwarzane a gilashin baya ya fi na gaba illa, domin shi ne kusa da sensa.

Manna jarida a bango, tsaya daidai gabanta, ka ɗauka a f/4 da f/8. Kwatanta rubutun kusurwoyi huɗu. Idan ɓangare ɗaya ya fito tas ɗayan ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa ya goce. A hoton taro, mutanen gefe ɗaya za su riƙa fitowa dishi-dishi kullum.

In komai ya yi, a rubuta rasit da lambar jiki da ta gilashi, da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa, da shaida. Kayan sata na yawo a wannan kasuwa, kuma takardar nan ce za ta fitar da kai.

8. Koyi tafiyarta kafin ka karɓi aiki

Kyamara ce mai nawa. Hoto uku take ɗauka a daƙiƙa, kuma fokas ɗin GFX 50S da 50R yakan yi gaba ya yi baya kafin ya kama, musamman a duhu. Ranar hawan Sallah a Kazaure, sa'ad da mahaya suka sako dawaki a guje za su yi jafi gaban Sarki, ɗauki tsohuwar Canon ko Nikon ɗinka. Babbar kuwa ka yi aiki da ita tun da safe, lokacin da hakimi ya gama shiri yana zaune kan doki a ƙofar gida, rawani da alkyabba da kayan doki duk a natse. Hoton da za a biya ka da kyau ke nan.

Abu uku ke ɓata hoton sababbin shiga.

Girgizar hannu. Yawan ɗigo yana tona ƙaramin motsin da ƙaramar kyamara ke rufawa asiri. Da gilashin 63mm kada ka sauka ƙasa da 1/125 a hannu, 1/250 ya fi. Gara ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, sensar na ɗauka, da ka samu hoto mai rawa. Ga hoton taro da na gini, kafa ta a kan ƙafa-uku mai nauyi.

Siririn fokas. A ƙofa iri ɗaya, abin da ke fitowa tas a gaba da baya ya fi ƙanƙanta a wannan sensa. A f/2.8 idon amarya zai fito, ɗan kunnenta ya dushe. Ga mutum biyu ka fara daga f/5.6, ga sahu biyu ko uku f/8 zuwa f/11, ka kuma sa fokas a sahun gaba ko na biyu.

Filash. GFX da 645Z ba sa haɗuwa da filash ta hanyar da aka saba sama da 1/125. Da tsakar ranar Babura wannan na nufin sai ka tsuke zuwa wajen f/16, ƙaramar filash kuma ba ta da ƙarfin da za ta yi tasiri a haka. Mafita ita ce ka ja mutane inuwa, ko ka sa baƙin gilashin rage haske, ko ka nemi filash mai iya aiki da saurin ƙyaure. Idan Godox kake amfani da ita, abin kunnawarta na Fujifilm harafin F ke ƙarshen sunansa, na Pentax kuma P. Na Canon ɗinka ba zai yi maka cikakken aiki ba.

Akwai wani abu da ya shafi tufafinmu musamman. An cire wa waɗannan sensoci tacen da ke ɗan dusar da hoto, don su ƙara kaifi. Sakamakon haka shadda da saƙi da wasu yadudduka masu ƙananan layuka sukan fito da wani zane mai launin bakan gizo wanda babu shi a rigar. Faɗaɗa hoton a allo tun kana wurin. In ka gani, matsa gaba ko baya taku ɗaya, ko ka ɗan tsuke ƙofa, ka sake ɗauka. Sannan ga farar babbar riga a kan baƙar fata cikin rana: auna haskenka a kan rigar kada ta ƙone, ka ɗauka a RAW, daga baya ka ɗago fuskar a kwamfuta. Inuwa tana dawowa da kyau a wannan kyamara, farin da ya ƙone kuwa ya tafi.

9. Ƙura, zafi da wuta

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. Kada ka canza gilashi a fili. Shiga ɗaki ko mota, kashe kyamarar, kifa bakinta ƙasa, ka yi da sauri. GFX da X1D ba su da madubi a gaban sensa, da ka cire gilashi a tsirara take. Robar hura iska kawai za ka yi amfani da ita. Ban da hurawa da baki, ban da gefen riga, ban da auduga. In ta kai ga gogewa, sandar gogewa mai faɗin wannan sensa ake nema, ta ƙananan kyamarori ba ta cika ta ba.

A kan babur, musamman hanyoyin duwatsun Roni, jakar ta kasance a bayanka, ba ɗaure a kariya ba, domin jijjiga na kwance gilashi. Masu ƙera su sun ƙayyade aikinsu zuwa zafin digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu mukan haura haka. Kada ka bar ta a mota a rufe, ko a rana kan ƙafa-uku kana jiran ango. Da damina kuma ajiye ta a akwatin roba mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima irin na kwalin takalmi.

Caja kada ta hau janareto kai tsaye. Bi ta na'urar daidaita wuta, ko ka yi caji a sola. Batirin GFX 50S kimanin hoto 400 yake yi yana sabo, na hannu bai kai haka ba. Batirin da ya kumbura a jefar da shi.

10. Bayan an dawo gida

Hoton RAW ɗaya da ba a matse ba ya haura megabayit 100, katin gigabayit 64 bai fi ya ɗauki 500 da 'yan kai ba. A GFX zaɓi matsewar da ba ta rage inganci, girman zai ragu kusan rabi. Saita kyamarar ta riƙa rubutawa a kati biyu lokaci guda, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Kwamfuta tana son ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 16, da faifan ajiya na waje guda biyu.

Wajen wankewa, kai hoton da kanka a filashi ko ka tura shi a matsayin fayil, kada ya bi ta hanyar da za a matse shi. Ka sa mai injin ya fara buga maka ɗan yanki na fuska a cikakken girma ka duba launin fata kafin a buga babban. Sannan ka wanke guda biyu ko uku mafi kyau da kuɗinka, ka sa su a firam ka rataye a shago. Mutanenmu ba sa biyan megafiksel, abin da idonsu ya gani a bango suke biya, kuma daga nan ne za ka iya faɗin sabon farashi ba a yi maka gardama ba.

Idan ka lissafa jiki da gilashi da batir biyu da kati biyu da faifan ajiya, kuɗinka bai kai ba, ka dakata zuwa baɗi. Farashin jikin sauka yake yi, ba hawa ba.